Gidan Sauron da Inna Ta Ajiye wa Jariri

A gidanmu na Tiga gidan sauro ɗaya ne tak, kuma na ƙaramin gida ne. Baba ya samo shi tun farkon ɗaukarsa aikin ruwa a madatsa, ya sha ɗinki da faci har ba a gane ainihin launinsa. Duk wanda Inna ta haifa a cikinsa yake kwana, sai an yi masa ƙani ko ya yi famfara, haƙoran nono sun fara zuba, sannan a fito da shi, ya koma tabarma cikin 'yan'uwansa. Ranar da aka fito da ni na yi ta kuka, Inna ta ce, "Ke da kika haye, kukan me kike yi?"

Haka ake cewa a unguwarmu ta ma'aikatan ruwa. Yaron da ya kai famfara zazzaɓi bai tafi da shi ba, ya haye. Zai ci gaba da yin zazzaɓinsa duk damina, a ɗura masa kulorokwin ya yi ta susa kamar mai ƙazuwa, ya miƙe ya koma wasa, amma ba a ƙara tsayawa a kansa da fargaba. Babba kuwa a cikin gidan sauro abin dariya ne. An taɓa kawo wani baƙon injiniya da aka ga ya ɗaura nasa a baranda, har ya bar garin matan unguwa ba su daina ce masa jaririn gwamnati ba.

Ba wai sauron ne ba shi da yawa ba. A wasu garuruwan baƙon damina ne, mu a Tiga ɗan gida ne rani da damina. Ga ruwan madatsa, ga kanal ta bayan gidajenmu, ga gonakin shinkafa da ba sa bushewa. Da an kira magariba za ka ji ya taso daga wajen kanal, kukansa ya cika tsakar gida. Ina yarinya, a shekarun tamanin, na sha leƙawa ta zaure in ga maza sun wuce da ɗan abu a naɗe cikin tabarma, wanda mutum ɗaya ya isa ya ɗauka. Ba wanda yake yi mana bayani. Sai dai mu ga an daina kawo wani wajen wasan ƙasa.

Ni ce babba a ɗakinmu, kowa Yaya yake ce mini. Sau ɗaya Gwaggo, yayar Baba, wadda kuma ita ce ungozomar unguwar, ta yi suɓutar baki a gabana ta ce akwai wani kafin ni. Inna ta ɗago kai ta dube ta, maganar ta mutu a nan. Da ina da wayo da na gane tuntuni, don Inna gatsal take kiran sunana, abin da ba a yi wa 'yar fari. Ban tambaya ba. Mace ba ta zancen ɗan fari ko yana raye, balle wanda babu.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in aka kai ni Kiru. Maigidana malamin kimiyya ne a sakandare, mutumin Ɗansoshiya, mai haƙuri, mai kunya, kuma mayen rediyo. In ya dawo daga makaranta zai zauna a inuwar ɗaki da takardun yara a cinya, rediyo a kunne, duk abin da aka faɗa sai ya maimaita mini kamar ni ba ni da kunnen. Wata la'asar, lokacin ina da ƙaramin ciki, ina kaɗa miya ya kira ni.

"Kin ji abin da suke cewa? Ana gwada allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a ƙasar waje."

Na ce, "To su kawo mana mana."

"Ba ta kai nan ba tukuna. Sabuwar dabara ce, ba irin ta ƙyanda ba."

Ya ajiye jan birinsa, na san miyata ta shiga uku. Ya ce ita wannan allurar ba ƙwayar cutar ake zuba wa mutum ba, ko mai rai ko matacciya. Kowace halitta tana da umarnin da aka gina ta da shi a cikin jikinta, abin da yanzu kowa ya sani da DNA. Ɗan guntun umarnin ƙwayar zazzaɓin ake ɗebowa a yi wa mutum allura a dantse. Naman jikinsa sai ya bi umarnin, ya ƙera wani ɗan abu mai kama da fatar ƙwayar, wanda ba ya cutarwa. Jini ya gan shi, ya ga baƙuwar fuska, ya tashi masu yaƙinsa, su haddace kamannin. Ranar da ta gaskiyar ta shigo, tun tana hanta kafin ta bazu a jini, an riga an san ta. Ya ce an gwada a jikin ɓeraye, yanzu an fara gwadawa a kan wasu mutane kaɗan don a ga ko jininsu zai amsa.

Na ce, "Wato a nuna wa jini fuskar ɓarawo kafin ya hauro."

Ya ji daɗi kamar ɗalibarsa ta ci jarrabawa. Ni kuwa na ɗaga hanci na ce ai ni sauron Tiga ya gama yi mini tawa tun ina goye, jinina ya san ɓarawon da uwarsa da ubansa. Bai yi dariya ba. Ya ce gaskiya ne, amma mai ciki daban ce, ballantana cikin fari, ya sha karantawa cewa kariyar da ta girma da ita takan yi sanyi. A ƙarshen watan ya shiga Kano ya dawo da gidan sauro sabo fil, fari, babba na gadon manya, a cikin ledarsa. Ya ce a Kiru sauron da sauƙi, wannan na Tiga ne.

Cikina na wata bakwai, damina ta zauna sosai, aka ce lokacin goyon ciki ya yi. Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, wannan ba abin shawara ba ne. Muka hau bas zuwa kwanar babban titi, daga nan muka sami motar Tiga. Duk tsawon hanyar ledar tana kan cinyarsa, yana ta bitar abin da zai faɗa. "Zan ce, Inna, wannan nata ne, ta riƙa kwana a ciki daga yau." Na ce masa Allah ya ba da sa'a.

A zaure ya fara tsayawa wajen Baba. Ina ciki ina jiyo su. Bayan gaisuwa hira ta kai su ga rediyo, sai ga malamina ya buɗe aji. Ya kawo ɓerayen, ya kawo dantsen, ya kawo hantar, bai bar komai ba. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya ya ce, "Malam, ai mu tamu allurar kullum magariba ake yi mana, kyauta, kuma har gida."

Daga nan ya shigo gaishe da Inna. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Inna tana ciki, rabin jikinta a bayan labule, ta kau da fuska. Suka gaisa, ta tambayi mutanen Ɗansoshiya ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tura ledar da hannu biyu.

"Ga wannan, Inna... saboda sauro."

Inna ta jawo, ta leƙa, ta shafa farin yadin ta cikin leda. Na ga fuskarta ta saki.

"Kai, madalla. Allah ya yi albarka. Allah ya kawo mai shi lafiya."

Na zuba masa ido daga bakin murhu. Gumi ya tsattsafo masa a hanci. In zai ce nata ne, sai ya faɗi dalilin da zai sa ƙatuwar mace haifaffiyar Tiga ta kwana a gidan sauro. Dalilin kuwa ciki ne, kuma cikin nan kowa ya san aikin wane ne. Mutumin da ya gama zayyana wa Baba hantar ɓeran ƙasar waje, ya buɗe baki a gaban surukarsa, ya ce, "Amin."

Da na raka shi zaure ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ki karɓa ki ɗaura, don Allah."

Na ce, "Kai da ka saya da gemunka ka kasa, ni ce zan iya?"

Raina a ɓace yake, amma na san inda ya tsaya nan ni ma zan tsaya. Inna ta saka ledar a ƙasan akwatinta na ƙarfe, ta ɗora zannuwa a kai, ta kulle.

Na gwada, ba a ce ban gwada ba. Na ce, "Inna, sauron bana ya yi yawa." Ta ce, "Ke da aka haifa a bakin kanal?" Ta aika aka sayo maganin sauro mai hayaƙi, kullum magariba ita da kanta take kunna mini, ta sakaya ƙofa. Hayaƙin yana ƙarewa suna dawowa. Na bi ta wajen Gwaggo, na ce ko za ta sa baki a ara mini abin nan kafin lokacin. Gwaggo ta tafa hannu ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. "Ku zo ku ji mini marar kunya! Tun bai zo ba kin fara rawar jiki a kansa? Kayan jariri ba a taɓa su sai ya sauka lafiya. Ki tsufar masa da abu kafin ya gani?"

Tsoro na fara ji, irin wanda ban taɓa sani ba. Ni da na girma ina kashe sauro a ƙafa ba tare da na duba ba, sai ga ni da an kira magariba gabana ya faɗi. In lulluɓe da zani har kai, zafi ya ishe ni in yaye, in ji an soke ni a idon sawu. Da safe in ga ɗigon jini a tabarma inda na danne wani cikin barci, in tsaya ina kallo ina tunanin jinin wa ya sha kafin nawa. Akwatin yana nan a kusurwar ɗakin da nake kwana, in na miƙa ƙafa ina taɓa shi. Abin da ke cikina kuwa yana ta wutsil-wutsil ɗinsa, bai san komai ba. Ya fi yin motsi da safe in na sha koko, kamar shi aka dama wa.

Wata rana da hantsi ina tsince shinkafa a tsakar gida, sanyi ya kama ni daga ƙashin baya. Rana tana dukana, haƙorana suna haɗuwa. Inna ta taɓa goshina ta ce zazzaɓin damina ne, ya saba, zai sake ni. Ta dafa ganyen darbejiya da na gwaiba ta yi mini surace, ta jibga mini barguna. Na ce a sayo mini kulorokwin. Gwaggo ta ce sam, abu mai ɗaci haka zubar da ciki yake yi, ba a gabanta ba. Kowa a gidan tsoron abu ɗaya yake ji, ni da su, kowa kuma ta inda ya sani yake tarewa.

Wannan zazzaɓin bai yi kama da waɗanda na sani ba. Na da yakan buge ni ya tashi. Wannan zama ya yi. Ya sauka da safe, ya dawo da yamma ya fi na jiya. In na miƙe sai tsakar gida ta juya, zuciyata tana bugawa har a kunne. Na dubi tafin hannuna na ga ya yi fari fat. Duk wannan bai kai abin da na lura da shi wata safiya ba. Na sha koko, na jira, shiru. Na sha ruwan randa mai sanyi, na kwanta ta gefe, na danna inda ya saba shurina. Shiru. Na tuna jiya ma ban ji shi ba, na ɗauka ciwon ne ya ɗauke mini hankali.

Na zauna da wannan abu a bakina har rana ta ɗaga. Inna tana bakin rariya tana gyaran karfasa da aka kawo daga madatsa. Ban taɓa ambaton cikin nan a gabanta ba, ita ma ba ta taɓa ba, wata da watanni muna zagaye shi kamar rami a tsakar gida. Na rarrafo bakin ƙofa.

"Inna."

"Na'am."

"Bai motsa ba tun jiya."

Wuƙar ta faɗi cikin kwano. Ba ta ce mini marar kunya ba. Ta miƙe da ƙamborin kifi a hannu, ta fita ko mayafi babu, matar da ban taɓa ganin ta leƙa zaure da rana ba. Ina jin muryarta a waje tana cewa a kira mata Baba daga ƙofar kanal. Wannan fitar tata ta fi komai tsorata ni.

A bayan a-kori-kurar ma'aikata aka kai ni asibitin gwamnati da ya fi kusa da mu, kaina a cinyar Gwaggo, kowane rami a hanya ina ji har cikin ƙashi. Wata malamar asibiti, dattijuwa mai tabarau, ta gwale mini ido ta ce babu jini a jikina. Sannan ta ɗauko wani abu kamar mazurari, ta kafa a cikina, ta ɗora kunne. Ta matsar da shi gefe. Ta sake matsarwa ƙasa. Ni kuwa fuskarta nake karantawa, ita kuma bango take kallo. Na yi duk addu'ar da na iya, na koma farko. Can ta ɗago.

"Yana nan. A gajiye yake, amma yana nan."

Sai a lokacin na fashe da kuka, a gaban Gwaggo, ban damu ba.

Aka ɗaura mini ruwa da wani magani mai sa kunne ƙara. Maigidana ya iso a kan acaɓa, wandonsa duk taɓo, aka gwada jininsa ya yi daidai da nawa, aka ɗiba aka ƙara mini. Yana tsaye a ƙarshen gado malamar ta tambaye ni, "'Yata, cikin fari ne?" Na sunkuyar da kai, Gwaggo ta amsa mata. Gwaggo ta ƙara da cewa abin da ya ɗaure mata kai, yarinyar nan a Tiga ta tashi, ta haye tuntuni.

Malamar ta ce, "Ta haye, Mama, ba ƙarya kika yi ba. Duk zazzaɓin da ta sha tana yarinya jininta ya riƙe shi, in ƙwayar ta shigo ya san ta. Amma ciki yana zuwa da sabon ɗaki wanda jinin bai taɓa tsaro ba, wato mabiyiya. Can ƙwayar take zuwa ta maƙale, ta tare hanyar da abinci ke bi ya kai ga yaro. A ciki na biyu da na uku jiki ya koyi darasi, yakan bi ta har can. Na farin ne yake shan wuya."

Maigidana ya kalli ƙasa kamar ranar da ya durƙusa a ƙofar Inna.

Zazzaɓin ya sauka, kunnena ya buɗe, na fara cin abinci. Motsin ya dawo, amma ba shurin da na sani ba, wani ɗan taɓi ne kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyi. Ranar da aka ce za a sallame ni, da safe, naƙuda ta taso, saura fiye da wata guda lokacinta ya yi. Kafin azahar na haihu. Namiji ne. Kukansa bai fi na ɗan mage ba, kuma da aka ɗora mini shi ban ji an ɗora mini komai ba. Gwaggo da ta karɓi mabiyiyar don ta kai gida a binne, ta buɗe ta duba ta ce duk haihuwar da ta karɓa ta sha ganin irinta, ƙarama, mai duhu, amma ba ta taɓa tambayar dalili ba. Asibitin ba su da kwalbar da ake saka bakwaini. Malamar ta ce in ajiye shi a ƙirjina fata da fata, in riƙa ɗiga masa nono, sauran kuma sai addu'a. Babansa ya yi masa huɗuba a kunne. Na ji sunan.

Da muka koma gida na tarar Inna ta share ɗakin, ta kawo gadonta na ƙarfe, ta ɗaura gidan sauron. Fari tas, da layin ninkinsa, yana ƙamshin leda. Ya rufe gadon har ƙasa da saura. Na tsaya a bakin ƙofa da yaron a ƙirji ina kallon gidan sauron. Inna ta ɗaga gefe ta ce, "Shiga da shi maza, kafin su taso."

Ban taɓa ganin mutum ya tsare abu kamar yadda Inna ta tsare gidan sauron nan ba. Kafin la'asar ta sake shi, ta bi gefe-gefe tana cusawa ƙarƙashin katifa. Ta shiga ciki da kanta tana duba kowace kusurwa, in ta ga baƙin ɗigo ta murje shi da yatsa ko da ƙura ce. 'Yan barka ta tsayar da su a bakin ƙofa, ba mai ɗaga labulen. Wata maƙwabciya ta ce a fito da shi a gani mana, Inna ta ce ba abin kallo ba ne. Zancen kunya kuwa ya ƙare. Ina rungume da ɗan fari a gaban uwata, ina yi masa magana, ba wanda ya ce uffan.

Ni aikina kallon ƙirjinsa. Ya ɗaga, ya sauka, ya tsaya, sai numfashina ya tsaya tare da shi har ya sake ɗagawa. Ba ya iya kama nono. In tatsa a cokali in ɗiga masa, rabi ya haɗiye, rabi ya gangaro ta gefen baki. Ko wankan jego aka kira ni, Gwaggo tana watsa mini ruwan zafi da ganye, kunnena yana ɗaki. Mutanen Ɗansoshiya suka iso da itace da hatsi da ragon suna, aka ɗaure shi a gindin darbejiya. Duk kukan da ragon ya yi sai in ƙirga sauran kwanakin a zuciya in ce Allah ka kai mu. In na gaji har ido ya rufe, firgigit nake farkawa in ɗora yatsa a hancinsa.

Bai kai suna ba. Da rana tsaka ne, bayan azahar, gida ya yi tsit, ana jiyo ƙarar ruwa a kanal. Yana kwance a ƙirjina. Ƙirjinsa ya sauka, na jira ya ɗaga kamar kullum. Na yi ta jira. Na kira Inna ba da ƙarfi ba, don kada in tashe shi.

Gwaggo ta zo za ta ɗauke shi a yi masa wanka, Inna ta riga ta. Ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta warware zanin, ta fara duba jikinsa. Ta duba fuska, ta duba bayan kunne, ta buɗe 'yan yatsun hannu, ta juya shi ta duba baya da tafin ƙafa. Ta sake komawa farko. Fatarsa sumul, ko ɗigon cizo ɗaya babu. Gwaggo ta ce, "Kawo shi haka, maza suna jira." Mutum ɗaya ne ya ɗauke shi, babansa, cikin 'yar tabarma.

Da yamma Gwaggo ta hau gado za ta kwance gidan sauron a ajiye da sauran kayan jariri, kamar yadda ake yi. Inna ta ce, "Bar shi." Gwaggo ta dube ta, ta sauko ta fita. Ina zaune a ƙasa na jingina da akwatin ƙarfen. Inna ta tsaya tana shafa yadin, tana bin ɗinkin da yatsa har yanzu tana neman huda.

"Ta ina ya shiga?" ta ce. "Na duba ko'ina. Ta ina ya same shi?"

Da na so in yi shiru. Amma tambaya ta yi ta gaskiya, kuma na gaji da zagaye-zagaye. Na ce, "Ta jikina, Inna. Tun yana ciki. Ni ya ciza."

Na faɗa mata abin da malamar ta ce, sabon ɗakin da jini bai sani ba, da na farin da yake shan wuya don na bayansa su samu sauƙi. Tana saurare, hannunta a kan yadin. Sannan ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta yi in ina ƙasa.

"Nawa ma haka ya zo," ta ce. "Ɗan mitsitsi. Lokacin ba mu da gidan sauro. Na ga cizo a goshinsa ranar da ya koma, na ce shi ke nan, abin da ya kashe shi ke nan. Na hana Babanku sakat sai da ya samo wancan tsohon. Ke kika fara kwana a ciki, kika zo ƙatuwa, kika rayu. Na ɗauka shi ne ya tsare ki." Ta dubi akwatin. "Da mijinki ya kawo wannan, na ce wannan yaron ba sauron da zai taɓa shi. Shi ya sa na kulle."

Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da na ji ta ambaci yayana. Na dubi hannuwana, da ƙashina mai ƙwari da ake yaba mini tun ina yarinya, na gane wanda ya riga ni shiga wancan ɗakin ya koya wa jinin Inna hanya. Ban ji haushinta ba. Na nemi haushin ma, don da ya fi sauƙin ɗauka, ban same shi ba.

Aka kira magariba. Kukan ya taso daga wajen kanal kamar kullum. Inna ta miƙe ta ɗaga gefen gidan sauron.

"Shiga."

Na ce, "Ni kaɗai?"

"Shiga, na ce."

Na shiga na kwanta a gefen da na saba, na bar masa wurinsa. Ta bi gefe-gefe ta cusa ƙarƙashin katifa.

Allurar da aka ce ana gwadawa ba ta iso ba har na gama haihuwa. Maigidana ya ci gaba da bin labarinta, wata shekara ya ce jinin mutanen ya amsa amma amsar ba ta kai ta tare cutar ba, ana sake dabara. 'Ya'yan da na haifa daga baya duk da ƙibarsu suka zo, masu barka suna ɗagawa suna cewa tubarkalla, wannan uwa da jini mai kyau. Nakan amsa da amin, na san wanda ya yi musu tasu allurar. Kuma duk cikin da na samu, tun kafin ya fito a gani, Inna takan aiko mini da gidan sauron nan har Kiru, a wanke, a ninke, ba tare da saƙon komai ba.